Jajen Doki

Ɗalibin Hausa ya kan koyi kalmar "mutu" tun a makonsa na fari, amma ya kan daɗe kafin ya gane ba kowane mai rai a ke faɗa wa ita ba. In mutum ne, mai ladabi ya kan ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya yi masa cikawa. Dabba kuwa sai a ce ta mutu, shi ke nan. Jikin mutum gawa ne. Na dabbar da ta mutu ba yanka, mushe ne. In an tafi gidan da a ka yi rashin mutum, ta'aziyya a ka je, watau gaisuwar mutuwa. In kuwa gobara ce ta ci rumbun mutum, ko ɓarawo ya shiga masa, ko sansa na noma ya faɗi ya mutu, abin da a ke zuwa yi masa shi ne jaje. Waɗannan kalmomi ba su shiga gonar juna. Wanda ya shiga fada ya ce "dokin Sarki ya rasu", in ba a yi masa dariya ba, to, za a ɗauka ba'a ya ke yi.

Akwai wani irin doki wanda mutuwarsa ta kan sa mutane su rasa wace kalma za su ɗauka. Shi ne dokin da a ke ɗora marasa lafiya a kansa, yawanci yara, don jikinsu ya yi ƙarfi, hankalinsu kuma ya kwanta. A nan za mu kira shi dokin jiyya. Ku lura, jiyya ita ce kula da mara lafiya, ba shi ne magani ba. Mai jiyya ya kan zauna da majiyyaci, ya tashe shi, ya kwantar, ko da shi ba likita ba ne. Sunan ya dace da aikin wannan doki.

Bari mu fara daga kudancin ƙasar Sin, wurin da fatakenmu su ka sani. Bahaushen da ya je Guangzhou, birnin da Turawan da su ke kira Kanton, ba doki ya kai shi ba, kaya ne. A unguwar Sanyuanli, kan titin Guangyuan ta yamma, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, akwai kasuwar tufafi mai suna Canaan, sunan nan dai na ƙasar Kan'ana. A shekarun da su ka biyo bayan 2000 ta cika da fataken Afirka, yawancinsu 'yan Nijeriya, masu sarin wanduna da riguna dila dila. Mutum ya iya wata guda yana kai da kawowa tsakanin Canaan da unguwar Xiaobei, inda Musulmi su ka fi sauka, bai ji haniniya ko sau ɗaya ba. Kirarin birnin ma na awaki ne, ba na dawaki ba: Sinawa su kan ce masa Birnin Awaki, saboda wata tatsuniya ta awaki biyar da su ka sauko daga sama da zangarniyar shinkafa a baki. Amma dawakin suna nan kusa. A Conghua, arewa maso gabas da tsakiyar birni, a ka yi wasannin doki na gasar ƙasashen Asiya ta 2010, a filin nan ne kuma ƙungiyar sukuwa ta Hong Kong ta buɗe babbar barga da fagen horo cikin watan Agusta 2018. Ita kanta Hong Kong tafiyar kamar awa guda ce daga Guangzhou a jirgin ƙasa mai sauri. A can ne, cikin 1975, Lady MacLehose, matar Gwamnan Ingilishi na lokacin, ta kafa ƙungiyar koya wa naƙasassu hawan doki. Irin wannan ƙungiya an riga an kafa ta a Ingila cikin 1969, a shekarar nan kuma a ka kafa 'yar'uwarta a Amurka.

Asalin abin kuwa daga wata mace ne da goɗiyarta. Lis Hartel mutuniyar Danmak ce, an haife ta cikin 1921, ta tashi gwanar hawa. Cikin 1944, tana da shekara 23, tana kuma da ciki, sai shan inna ya kama ta. Ta haihu lafiya, amma ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa su ka shanye har abada. Ta koyi rarrafe kamar jinjiri, ta koyi tafiya da sandunan dogarawa, sa'an nan ta ce a ɗora ta bisa doki. Ba ta iya hawa da kanta, ba ta iya sauka, sai an ɗauke ta. Duk da haka, a wasannin Olamfik na Helsinki cikin 1952, shekarar da a ka fara barin mata su yi takara da maza a gasar nuna horon doki, ta zo ta biyu a duniya bisa goɗiya mai suna Jubilee. Wannan gasa ba ta gudu ba ce. Ta yi kama da abin da mu ke kira rawar doki, inda mahayi ke sa dabba ta taka yadda ya so ba a ga hannunsa ya motsa ba. Wanda ya zo na ɗaya, wani hafsan sojan Suwidin mai suna Henri Saint Cyr, shi ya taimaka mata daga bisa goɗiya zuwa wurin karɓar lamba. Cikin 1956 a Stockholm ta sake zuwa ta biyu, bisa Jubilee har wa yau. Ta rasu cikin 2009.

Abin da ya ba likitoci mamaki ba lambar azurfa ba ce. Mahayi da dunduniya da ƙwauri ya ke magana da doki, ga mace kuwa ba ta da ikon ko ɗaya. Sai goɗiyar ta koyi jin nauyin uwargijiyarta, in ta karkata kaɗan, in ta miƙe baya, in ta saki numfashi. Da masu jiyya a ƙasashen arewacin Turai su ka ga haka, sai su ka fara ɗora yaran da shan inna ya taɓa bisa ƙananan dawaki. A Norwe wata mai aikin motsa jiki, Elsebet Bødtker, tana cikin na farko. Ko yau in an yi zancen wannan aiki, ba a ambaton Lis Hartel a bar Jubilee.

Wannan ciwo ba baƙonmu ba ne. Sunansa ma ya isa darasi. Inna uwa ce, amma a nan a na nufin wata aljana ta cikin iskokin bori, wadda mutanen da su ka ɗauka ita ke shanye ƙafar yaro. Shi ya sa a ke cewa shan inna. (A bori, wanda iska ya hau a kan kira shi dokin iskan, in mace ce a ce goɗiya. Ku riƙe wannan, gama in kun ji an ce "dokin Sarkin Rafi" kada ku tafi neman mai ƙafa huɗu.) Yau an san ƙwayar cuta ce mai shiga ta baki, akwai kuma rigakafinta. Cikin 2003 a ka tsai da rigakafin a Kano, a ka koma cikin 2004. Cikin 2016 a Barno a ka ga yara na ƙarshe a Nijeriya da ainihin ƙwayar ta kama, ran 25 ga Agusta 2020 kuma a ka ba da shela Afirka ta rabu da ita. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, kowa ya bi titunan Kano zai gan su bisa kekunansu na hannu. Kalmar da ita ce gurgu, jam'i guragu. A rediyo yanzu kun fi jin naƙasassu, ko masu buƙata ta musamman.

Ga yadda aikin ya ke. Ba sukuwa a ke yi ba, ba kuma sassarfa ba. Tafiya ce ta ƙafa ɗaya ɗaya. Mutum guda na gaba riƙe da ragama, kamar zagi. Biyu suna tafe dama da hagu, kowa da hannunsa bisa cinyar yaro ko idon sawunsa. Mai ba da umurni likitan motsa jiki ne, ko malamin hawa wanda ya koyi wannan aiki. Sau da yawa ba a ɗaura sirdi, sai ɗan lallausan shimfiɗi, don ɗumin doki ya ratsa zuwa cinyoyin yaro. Jikin doki ya ɗara na mutum zafi kaɗan, nasa wajen 38 ne a ma'auni, namu 37. Yaron da jijiyoyinsa su ka ɗaure, irin wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa, ɗumin nan da buɗe ƙafa bisa gadon baya su kan sassauta shi.

Amma babban abin yana cikin takun. Duk sa'ad da doki ya ɗaga ƙafar baya ya kai ta gaba, bayansa ya kan sunkuya gefe guda, ya tura gaba, ya ɗan murɗa. Kwankwason wanda ke zaune bisa sai ya bi: gaba da baya, dama da hagu, da 'yar juyawa. Wannan kuwa kusan shi ne motsin da ƙugun mai lafiya ke yi in yana tafiya da ƙafarsa. Watau yaron da bai taɓa taku ba tun da a ka haife shi, jikinsa yana jin yadda tafiya ta ke, ko da ya ke ƙafafun na wani ne. Doki ya kan yi taku kamar 100 cikin minti guda, a rabin awa kusan 3,000 ke nan. Kowane taku yana so ya ture yaro daga tsakiya, kowane taku kuma sai tsokar bayansa da ta cikinsa sun kama sun mai da shi. Babu mai jiyyar da hannunsa zai jure yi wa yaro haka sau 3,000 a zama ɗaya. An ƙera injuna masu kwaikwayon wannan motsi, gaskiya ne, amma yaro ba ya shafa wuyan inji, ba ya kuma kwana yana ɗokin gari ya waye ya gan shi. Ku dubi kalmomin nan biyu da kyau, doki da ɗoki. Ƙugiyar da ke bisa harafin farko ita kaɗai ta raba dabba da zumuɗi.

Kada a ɗauki abin ya wuce matsayinsa. Hawa ba ya mai da jijiyar da shan inna ya kashe, ba ya kuma gyara ƙwaƙwalwar da ta yi rauni. Abin da binciken likitoci ya fi tabbatarwa shi ne yaro ya kan fi iya zama sosai, ya riƙe kansa, ya rage tangaɗi. A kan kuma kai yaran da ba su magana da mutane, da sojojin da yaƙi ya bar su da firgita, amma a nan shaidar ba ta kai waccan ƙarfi ba. Ni dai a ganina, yaron da kullum daga ƙasa ya ke kallon mutane, ran da ya zauna bisa doki ya dube su daga sama, ya sami wani abu wanda ma'aunin likita ba ya kamawa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san abin da ke tsakanin mahayi da dakare.

To, wane irin doki ne ke wannan aiki? A nan ne mu da su mu ka rabu. Dokin da Bahaushe ke yabo ingarma ne, mai wuya a tanƙware, mai cin linzami, wanda in an buga tambari sai ya soma haƙa ƙasa da kofato. Tarihinmu ya gina shi haka. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji a ka fara sa lifidi da sulke da kwalkwali, manyan sarautu kamar Madaki da Sarkin Dawaki daga rundunar doki su ka fito, Shamaki kuwa shi ke da bargar Sarki. Ku je Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe ku ga jafi: a sako dawaki a guje, sai sun zo dab da Sarki a ja linzami, su tsaya cak, ƙura ta tashi. Wannan hawa na Kano ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024. Ba kuma a dandaƙe dokin hawa a wurinmu yadda Turawa su ke yi, mai sarauta kuwa ba ya fita salla bisa goɗiya. Goɗiya ta ƙauye ce, aikinta haihuwa.

Dokin da ya fi kowane kyau ran Daushe, ranar farko za a sallame shi daga bargar jiyya. Can dandaƙaƙƙe a ke so, ko goɗiya mai sanyin hali. Kafin a karɓe shi sai an yi makonni a na gwada shi: a buɗe laima a gabansa, a jefa ƙwallo ta gefen kunnensa, a turo keken guragu har ya taɓa cikinsa, a tsai da shi a jikin dandamali ya daɗe bai motsa ba. Mahayinsa na iya ƙwala ihu ba dalili, ko ya ja masa geza, ko ya zube gefe guda kamar buhu. Abin da a ke so, in ya ji nauyi ya karkace, ya rage tafiya ko ya tsaya. Irin wannan haƙuri ba safai a ke samunsa wurin ɗan shekara huɗu ba. Saboda haka yawancinsu manya ne, waɗanda su ka gama wani aiki, na sukuwa ko na makarantar hawa, su ka zo wannan da furfura a fuska. Doki kuwa ya kan yi shekara 25 zuwa 30. Ku yi lissafi da kanku. Yaron da ya fara hawa yana da shekara shida bisa doki mai shekara 20, da wuya ya gama makaranta dokin na da rai. Kowace bargar jiyya ta san wannan rana tana tafe.

Ta kan zo ta hanya biyu. Ko dai tsufa, haƙora su cinye, ƙafafu su kasa, har likitan dabbobi ya ce wahalar ta isa, ya yi masa allurar da ba a tashi. Ko kuwa ciwon ciki, wanda ya ke cikin manyan masu kashe dawaki ko'ina a duniya. Doki ba ya iya amai, hanjinsa dogo ne ƙwarai, in ya toshe ko ya murɗe, dabbar da ta ci harawarta lafiya da yamma ta iya zama mushe kafin hantsi.

Abin da ya tafi da shi ba ƙaramin abu ba ne. Kowane doki da irin takunsa: wani dogon taku mai lilo, wani gajere mai sauri, wani faffaɗan baya, wani siriri. Likita ya kan zaɓa wa kowane yaro dokin da ya dace da jikinsa, yaron da ƙafafunsa ba su buɗuwa sosai a ba shi siriri, mai laushin jiki a ba shi mai taku da ƙarfi don ya farkar da shi. In sun shekara biyu ko uku tare, jikin yaro ya haddace wannan taku kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Masu wannan aiki su kan ba da labarin yaran da ba su cika magana ba, amma su ka koyi faɗa wa doki ya tafi. Ran da dokin ya mutu, ba abokin wasa kaɗai yaron ya rasa ba, har da tafiyar da ya sani. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau ɗan barga, wanda ya ke tashi da asuba ya share turke, ya ba da dusa da ruwa, ya san dokin ba shi da lafiya tun daga yadda ya riƙe kunne. Hausawa sun ce sabo a ke yi wa kuka, ba mutuwa ba.

A Ingila da Amurka, in irin wannan doki ya mutu, su kan yi abubuwan da za su ba mutumin Kano mamaki. A kan tara yara da iyayensu a barga. A cire allon sunansa daga ƙofar ɗaki a kafa a bango, a dasa itace, yara su zana hotonsa. A kan yanki gashin wutsiya a kitsa shi ƙanana ƙanana a raba wa waɗanda su ka hau shi, wani kuma ya ajiye takalmin ƙarfe na kofato. Su dokinsu da sunansa na kansa kamar mutum. Namu yawanci launinsa ne sunansa, Kili ko Akawali ko Danda ko Hurde, ko kuwa ƙasarsa, Ɗan Arewa, Ɗan Azbin, Ɗan Barno. In Kili ya mutu, gobe wani Kili ya iya tsayawa a turkensa.

Sinawa ma sun daɗe da yin irin wannan. Sarki Taizong na daular Tang, wanda ya yi mulki daga 626 zuwa 649, ya sa an sassaƙa dawakinsa shida na yaƙi a jikin dutse, kowane da sunansa, a ka kafa su a hubbarensa. Ɗayansu, Saluzi, an nuna shi tsaye, wani jarumi yana zare masa kibiya daga ƙirji. Huɗu suna gidan ajiye kayan tarihi a birnin Xi'an, biyu kuwa, har da Saluzi, suna jami'ar Pennsylvania a Amurka. Ba kuma abin da ba ne kaɗai. Ran 4 ga Fabrairu 2025, a birnin Xiantao na lardin Hubei, wani mutum ya faɗa kogin Han cikin tsananin sanyi. Wani mahayi ya kora farin dokinsa mai shekara bakwai cikin ruwa, shi da waɗansu su ka fid da mutumin da rai. Dokin, mai suna Bailong, ya kwanta ciwo bayan haka, ya mutu ran 11 ga watan. Labarin ya game ƙasar, hukumar birnin kuma ta ce za ta kafa siffarsa a bakin kogi. Shi ba dokin jiyya ba ne, aikinsa na rana ɗaya ne, amma dalilin kukan ɗaya ne: dabba ta ba da ƙafafunta ga mutumin da nasa su ka kasa. Na ce "siffarsa" don kalmar da mu ke da ita, mutum-mutumi, ta riga ta ɗauka mutum kaɗai a ke yi wa.

Makiyayan Mongoliya, waɗanda sashensu ke cikin arewacin Sin, suna da tasu hanya. Gogensu mai tsirkiya biyu, kan doki a ke sassaƙawa a ƙarshen sandarsa. Tatsuniyarsu ta ce wani yaro makiyayi ne ya yi na farko. Wani mai mulki ya ƙwace masa farin dokinsa, dokin ya tsere, a ka harbe shi da kibau, ya kawo kansa ƙofar yaron ya mutu. Sai ya zo masa cikin mafarki ya ce ya ɗauki ƙashinsa da gashinsa ya yi abin kiɗa. Mu ma gogenmu da kukumarmu da gashin wutsiyar doki a ke ɗaure su, shi a ke kira tsagiya. Bambancin, mu ba mu tambayar na wane doki ne.

Kada dai ku ɗauka Bahaushe ba ya tuna dokinsa. Kabari ne ba ya yi masa, ba ya kuma sassaƙa dutse. Mushe a kan ja shi bayan gari ne, ko a haƙa rami a rufe. Inda ya ke ajiye doki shi ne bakin makaɗi. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu, ya yi wa wani dokin sukuwa waƙa sukutum, wadda a ka sani da Dokin Iska Ɗan Hilinge. Hilinge ita ce Filinge ta ƙasar Nijar, arewa maso gabas da Yamai. Sakkwatawa da Gobirawa su kan sa "h" inda Bakano ke sa "f". Makaɗin ya rasu, Sarkin ya rasu, dokin kuwa ko ƙashinsa babu wanda zai nuna, amma gidajen rediyo suna sa waƙar, ɗaliban jami'a suna nazarinta, har mutumin da bai taɓa zuwa Isa ba ya san an yi wani doki da ba a wuce shi a fage. Sai dai ku lura da abin da a ka yaba: gudu. Dokin da gwanintarsa ita ce tsayawa cik, a na ja masa geza bai ce uffan ba, kirarinsa ya fi wuyar yi, gama ganga ba ta son abin da ba ya motsi.

Saura maganar da za a faɗa wa wanda ya yi rashi. Ba a ce "Allah ya ji ƙansa", ba a ce "Allah ya gafarta masa", domin waɗannan addu'o'i na wanda za a yi wa hisabi ne, dabba kuwa ba ta da zunubi. Jaje a ke yi. Ku sami mai dokin, ku yi sallama, ku gaisa, sa'an nan ku ce, "Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu. Allah ya mayar da alheri." In babba ne, ku rusuna ku ƙara da "ranka ya daɗe". Shi kuma zai ce, "Amin, na gode." Waɗansu ɗalibai su kan ga kamar wannan rowa ce, a hana doki kalmar girma. Ni ban ga haka ba. Ta'aziyya rabinta na mamaci ne, a na roƙa masa rahama. Jaje kuwa dukansa na mai rai ne. Ba ya duban darajar abin da ya tafi, sai zafin wanda a ka bari. A mutuwar dokin jiyya, wanda ke bukatar a dube shi yana zaune cikin kekensa a bakin barga.

Yi wa yaro jajen dabba ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, a na yi masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da ya ke wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo gidan ya ga yaron cikin baƙin ciki, sai ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun. Abin da manya su ka fi yi a wurinmu shi ne su ce wa yaro "ai dabba ce", ko su ce an kai ta ƙauye. Na farkon yana ƙaryata abin da yaro ke ji a ransa. Na biyun kuwa ya fi muni ga irin waɗannan yara, gama da yawa cikinsu magana yadda a ka faɗe ta su ke ɗaukarta, sai yaro ya yi ta jiran ranar da za a komo da dokinsa. Masu bargar jiyya sun fi so a faɗa masa a fili, da gajerun kalmomi: ya tsufa, ya yi ciwo, ya mutu, ba zai komo ba. In yana so, a kai shi ya ga ɗakin babu kowa.

Waɗansu su kan cika jajensu da cewa, "Allah ya mai da gurbinsa." Gurbi shi ne wurin da abu ya tashi ya bari, kamar na haƙorin da ya fita, ko ramin da kaza ke kwanciya. Wannan gurbi ba ya cika da wuri. Sai an nemo wani dattijon doki, an buɗe masa laima, an turo masa keke, an ga halinsa. Sa'an nan a ɗauki yaron a ɗora shi, mutum biyu su kama cinyoyinsa dama da hagu, mai ragama ya ja, jikinsa ya soma koyon sabon taku daga na fari.